Mayafin Inna a Filin Golf

Gidan da muka zauna a unguwar Glenwood, can ƙasar waje, tsohon gidan katako ne da mai shi ya raba biyu, ya ba mu hayar ɓangare ɗaya. Ɗalibai ne ke shiga ɗaya ɓangaren suna fita, kowa da irin tasa fitinar, ni kuwa ba na ko gaisawa da su, don ban ga amfanin sabo da wanda zai tashi da zarar an yi hutu ba. Sai wata safiya na ji mace tana zagin motarta a ƙofar gida da Faransanci, zagi kuma na gaske, wanda rabona da jin irinsa tun ina lekol, makarantar boko, a Damagaram. Na leƙa ta taga na ce mata da Faransancin ta sassauta, akwai tsohuwa a gidan. Ta ɗago ta dube ni baki buɗe, ta ba ni haƙuri, sannan ta tambaye ni ko ina da wayar tayar da batir.

Bafaranshiya ce, doguwa siririya, shekarunta ashirin da 'yan kai, hancinta kullum a saɓule saboda rana. Jami'ar da ke kusa da mu ce ta ɗauko ta daga wani ƙaramin gari a kudancin ƙasarsu, ta yi karatu kyauta, ita kuma ta buga musu wasan golf. Da ta faɗa mini haka sai da na sa ta maimaita. Ni ina can titin Wendover ina jera kwalaye a babban kanti har ƙafafuna su kumbura, ita kuwa an ɗauke mata makaranta saboda ta iya dukan ƙwallon da bai kai ƙwan kaza ba. Na gaya mata hakan a gaban idonta, ta yi dariya ta ce gaskiyata.

Tsohuwar da na ambata mahaifiyata ce, Inna. Wankan jegona na fari ya kawo ta, da niyyar 'yan watanni, sai jika ya riƙe ta. Ba ta jin Turanci, Faransancinta kuma bai wuce gaisuwa da sunayen magunguna ba. Ɗan filin da ke bayan ɗakunanmu ta mayar da shi gona, ta shuka kuɓewa da yakuwa da barkono. A filin nan ne kuma Bafaranshiya ke atisaye da yamma, tana cilla ƙwallo cikin kwandon wanki. Ranar da ƙwallon ya karya wa Inna kuɓewa guda na zaci yaƙi za a yi. Inna ta tsince shi, ta jujjuya, ta dubi yarinyar daga sama har ƙasa, ta juyo gare ni.

"Ke, tambaye ta, garinsu ba a cin abinci ne?"

Yammacin nan yarinya ta ci tuwon shinkafa da miyar kuɓewa da hannu, miya na bin ta har gwiwar hannu, Inna na ƙara mata nama tana harararta. Daga ranar Inna ta koma kiranta "ɗiyata", ita kuma ta koma kiran Inna "Mama". Sukan zauna a bakin ƙofa suna hira, wannan da Hausa, waccan da Faransanci, kowa na gyaɗa kai. Ban san me suke fahimta ba, amma ba a taɓa kirana fassara ba sai in an zo maganar gishiri. Na ɗan ji kishi, ba zan ɓoye ba, don ni Inna ba ta taɓa ƙara mini nama ba.

Wata Asabar ta kai mu filin da suke wasa. Inna ta tsaya tana duban ciyawa kore shar iya ganin ido, ga tafki, ga bishiyoyi, ta riƙe haɓa.

"Duk wannan ciyawa, ko akuya guda babu?"

Na yi mata bayanin wasan kamar yadda aka yi mini. Ramuka goma sha takwas ne a warwatse cikin filin, mutum ya yi ta dukan ƙwallo da sanda yana bin sa a ƙafa har ya jefa shi a kowane rami, ana lissafa yawan bugun da ya yi. Wanda bugunsa ya fi ƙaranci shi ya ci. Inna ta ce ashe akwai inda wanda ya fi kowa ƙarancin aiki shi ne gwani, lalle da ƙanena ya zo nan da ya yi suna. Amma da ɗiyar tata ta ɗaga sanda ta buga, ƙwallon ya tashi har ya ɓace mana a sama, Inna ta bi shi da kallo ta ce, "Tubarkalla."

A shekararta ta ƙarshe a jami'a ne na fahimci 'yan golf iri biyu ne. Akwai masu bugawa don sha'awa ko don makaranta, waɗanda ba a biyan su, akwai kuma ƙwararru, waɗanda wasan ne sana'arsu. Ita tana so ta tsallaka daga na farko zuwa na biyu, ƙofar kuwa ƙarama ce. Za a yi gasar tantancewa ta yini guda a wani fili can gaba da garin McLeansville, mata da yawa za su shiga, 'yan kaɗan za a ɗauka. Mahaifinta yana da kantin tabarau a garinsu, shi ya koya mata wasan tun tana ƙarama, amma bai yarda wasa ya zama abincin mutum ba. Sun yi alkawari da shi, dama guda ya ba ta. In ta tsallake, ta ci gaba. In ta faɗi, ta tattara ta koma gida ta tsaya a kanti tana gwada wa tsofaffi gilashi. Ta ce mini mahaifinta ba ya magana biyu, ita ma haka ya raine ta.

Da gasar ta matso sai yarinya ta daina dariya, tuwon ma sai ta yi ta juya shi a kwano. Ana cikin haka ƙawarta da ta yi alkawarin ɗaukar mata jakar sanduna ta faɗi daga keke ta karye a hannu. A golf kowace 'yar wasa tana iya zuwa da mai ɗaukar mata jaka, jakar kuwa ba wasa ba, ta kusa tsawon mutum, cike da sandunan ƙarfe. Bafaranshiya ta ce ba komai, za ta rataya abinta. Na fassara wa Inna don dai a yi hira.

"Ba za ta ɗauka ba," in ji Inna. "Yarinya ba ta fita babbar rana irin wannan da kaya a kafaɗa alhali tana da uwa a gida. Ni zan ɗauka."

Na ce, "Haba Inna! Ki bari a ji a gari cewa ina tsaye uwata na yi wa yarinya dako? Ni zan ɗauka."

"Ke da ba ki iya ɗaukar bokitin ruwa sai kin yi nishi? Zauna."

Ta shiga ɗaki ta naɗe tawul ta yi gammo, ta ce a ɗora mata. Muka kinkimi jakar mu biyu muka kwantar mata a ka. Ta miƙe, ta saki hannuwanta, ta zagaya gonar kuɓewa ta dawo, ko sanda ɗaya ba ta motsa ba. Bafaranshiya ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, dariyar da muka daɗe ba mu ji ba. A nan magana ta ƙare, ba wanda ya ƙara tambayar ra'ayina.

Sai karatun dokoki. Yarinya na faɗa ina fassarawa. Laifin mai ɗaukar jaka a kan 'yar wasa yake komawa, saboda haka kada Inna ta taɓa ƙwallo ko da ya faɗa cikin ƙaya. Kada ta share ganye ko yashi a gabansa. Kada ta yi magana in wani zai buga. Na ƙara nawa, na ce ban da guɗa ko da ƙwallon ya shiga rami daga nesa. Inna ta harare ni ta ce ita ba yarinya ba ce, ta zauna a gaban malamai ba ta yi tari ba. Mun zaci mun gama lissafa duk abin da Inna za ta iya yi.

Ranar gasa na bar wa maigidana yaro, na sa Inna ta saka takalman kambas ƙarƙashin zanenta, tana mitar sun matse mata yatsu. Da muka isa, alƙalin wasa, wani dattijo mai farar hula, ya ga tsohuwa da jaka a kwance a kai, ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya yi shawara da wani, suka dawo suka ce ba su san dokar da ta hana ba. Sauran masu ɗaukar jaka, ƙarti majiya ƙarfi, suna tafe a karkace suna haki, Inna na tafe a miƙe da carbi a hannu. In an zo wurin bugu ta sauke, yarinya ta zaɓi sandarta, Inna ta miƙa mata dabino ko ba ta nema ba. Ni ina bin su daga gefe cikin 'yan kallo, ina jin kunya ina kuma jin daɗi, duk a haɗe.

Yarinyar kuwa ta buga wasa. Ko ni da ban san kan abin ba na ga ƙwallonta yana zuwa inda ta aike shi. Mutane suka fara barin wasu 'yan wasan suna bin mu, rabi don ita, rabi don Inna.

An wuce rabin ramukan sai hadari ya taso, irin na bazarar garin nan da ba ya sallama. Lokacin ƙwallonta na daf da rami, bai fi taku guda ba, taɓawa kawai ya rage. Ta sunkuya a kansa ke nan ruwa ya ɓarke. Mata biyun da ke wasa tare da ita suka ruga wurin laimominsu, 'yan kallo suka watse ƙarƙashin bishiyoyi, kowa ya ba da baya. Ni ce kaɗai nake kallo. Na ga Inna ta zare mayafinta, ta matsa kusa, ta ɗaga shi da hannu biyu ta yi wa yarinyar rumfa a ka, ita ruwa na dukanta. Yarinya ta taɓa ƙwallon ya faɗa rami. Zuciyata ta yi sanyi, na ce a raina uwa dai uwa ce.

Amma yarinyar ba ta ɗago ba. Ta daɗe a sunkuye tana duban ramin. Da ta miƙe ta yi wa Inna murmushi, ta taya ta mayar da mayafin, sannan ta nufi inda alƙali ya fake tana ɗaga masa hannu. Na ga fuskarta, na sha gabanta da gudu.

"Me ya faru?"

"An hana a kare mutum daga ruwa ko rana lokacin da yake bugu," in ji ta. "Kafin bugu ba laifi, bayan bugu ba laifi. Bugu biyu za a ƙara mini."

"Wa ya gani?"

"Ba kowa."

"To ina za ki? Ƙarar kanki za ki kai? Ke ba ki ma san ta rufe ki ba, kanki na ƙasa!"

"Na sani. Na ji ruwan ya daina dukan ƙeyata, na san dalili, kuma na buga." Ta share fuskarta da bayan hannu. "Mantawa na yi ban faɗa muku wannan dokar ba. Ban taɓa zaton wani zai yi mini haka ba. Don Allah kada ki gaya wa Mama."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na so in riƙe rigarta, in ce mata ko sata ake yi da mayafi? Ta wuce ni ta je ta faɗa wa alƙali. Dattijon ya saurara, ya dubi Inna da ke tsaye jiƙe sharkaf tana matse bakin zane, ya cire hularsa cikin ruwan nan ya mayar, ya ce haka dokar take. Inna ta yafuto ni ta tambaya me ake cewa. Na ce maganar ruwa ce, ana shawarar ko a dakata.

Ba a dakata ba. Ruwa ya koma yayyafi, yarinya ta ƙarasa ramukanta, ta buga iya ƙarfinta. Da aka haɗa sakamako, bugu ɗaya ne ya raba ta da wadda ta samu gurbin ƙarshe. Muka shiga mota muka kama hanyar gida. Da muka shigo gari Inna ta ce Allah ya sa hakan ne mafi alheri, ta miƙa hannu gaba ta dafa kafaɗar yarinyar.

Bafaranshiya ta fara haɗa kaya. Ta ba ni tukwanenta, ta ba maigidana keken da ba ya da birki. Inna kuma ta shiga haɗa mata guzuri, ta soya dambun nama, ta daka yaji. Tana cikin dakan ne ta ajiye taɓarya ta ce mini in zauna.

"Ranar nan ƙarya kika yi mini," in ji ta. "Bayan ruwan nan na sa ido a kan sauran masu ɗaukar kaya. Kowa na riƙe wa tasa 'yar wasan laima, amma da ta tashi bugu sai ya janye, ya bar ta cikin ruwa. Ni ban janye ba. Abin da ya kai ta wurin mai farar hula ke nan ko?"

Na yi ƙoƙarin kewaye-kewaye, ta ce in dube ta. Na faɗa mata komai, har da bugu biyun da bugu ɗayan. Inna ba ta yi kuka ba, ita ba mai kuka ba ce. Ta ƙarasa dakan yajinta, ta tankaɗe, ta ƙulle a leda. Sannan ta ce in je in sayo katin waya na Faransa, za ta yi magana da uban yarinya.

Da Bafaranshiya ta ji, ta ce a'a, alkawari ta yi, ba za ta roƙi mahaifinta ba. Inna ta ce in gaya mata ba ita za ta roƙa ba, babba ne zai yi wa babba magana, yara su saurara. Ranar Lahadi da hantsi muka zauna a falo, na kankare katin, na danna lambobin nan masu tsawo, na buɗe wayar yadda kowa zai ji. Yarinya na rakuɓe a bakin ƙofa tana cizon farce.

Inna ta fara da gaisuwa, kuma sai da ta cika ta. Ina kwana, ina gajiya, ina gida, ina kasuwa, ina ruwa a wajenku, ina kewar ɗiya. Ina fassarawa, bawan Allah yana amsawa "lafiya, madam, mersi" cikin ruɗewa, ni kuwa hankalina na kan katin da ke cinyewa. Na raɗa mata ta taƙaita, ta ce ba a shiga gidan mutum ta taga. Sai da ta gamsu ta gyara zama.

"Ki ce mishi, Malam, na ji ka ba ɗiyarka dama guda, kuma ban zo in ce ka yi kuskure ba. Amma damar nan ba ita ta ɓatar ba, ni ce. Ita ta buga daidai, ni na sa mata mayafi. In wani za a mayar kanti to ni ce, ga shi kuwa ban iya gwada tabarau ba. Na zo roƙon arziki, ka ba ta wata shekara."

Na fassara, na kuma ba shi labarin yadda abin ya faru, don ashe ɗiyar ba ta faɗa masa ba, cewa kawai ta yi ta faɗi da bugu ɗaya. Ya tambaya wa ya gani. Na ce ba kowa, ita ta je ta faɗa da bakinta. Sai ya ce in tambayi madam me ya sa ta rufe ta.

"Ruwa ake, ɗiyarka na tsaye a ciki," in ji Inna. "Kai da kana wurin me za ka yi?"

"Da na janye laimar," in ji shi, muryarsa ta sauya. "Tun tana ƙarama ni nake ɗaukar mata jaka. Kullum ina janyewa, don haka doka ta ce. Ban taɓa jin daɗin janyewar ba."

Na fassara wa Inna, ta gyaɗa kai kamar yana ganinta. Ya yi gyaran murya ya ce shekara guda, kuma a wannan karon shi zai zo ya ɗauki jakar da kansa, da izinin madam. Inna ta ce ta ba shi izini, amma ya koyi ɗauka a ka, kafaɗa na lalata baya. Ina tsakiyar fassara wannan katin ya ƙare. Yarinya ta zo ta durƙusa gaban Inna ta kifa kai a cinyarta, Inna ta ce in ce mata ta tashi ta ci abinci, dambun ma ba za a bar shi ya lalace ba.

Da shekara ta zagayo Inna ta riga ta koma Damagaram. Uban ya zo, ɗan gajere mai sanƙo, ya kwana a ɓangaren ɗiyarsa, ya ci tuwona da cokali. Ta shiga gasar ta tsallake, ta zama ƙwararriya, daga nan ta shiga yawon garuruwa da jakarta, muka koma sai waya jefi-jefi. Ranar da ta tsallake ɗin, tun daga filin na kira gida, aka kai wa Inna waya. Na ce Inna albishirinki, ɗiyarki ta ci.

"Alhamdu lillahi," in ji ta. "An yi ruwa?"

"An yi yayyafi."

"Wa ya riƙe mata laima?"

"Babanta."

"Ya janye?"

"Ya janye, Inna."

"To, madalla," in ji ta. "Ki ce mata ta sake riga kada sanyi ya kama ta."